Biki da taron kamfani na neman cinye ranakun wasan daɓe a gidan da nake aiki, ina neman shawara

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan dandali.

Ina aiki a wani gidan wasan kwaikwayo mai zaman kansa a nan Legas, ta wajen Yaba. Ba zan ambaci sunansa ba. Babban ɗakinmu yana cin mutum kusan 600, da dandamali na gaske, da labule, da fitilun wasa, da ɗakunan canza kaya a baya. Ni ke riƙe da littafin ranaku, wato duk mai son ɗakin ta hannuna yake bi, amma magana ta ƙarshe ta masu gidan ce.

Ga abin da ya hana ni barci. Wasu samari da 'yan mata sun kawo mini wasa da Hausa. Wasunsu sun karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wasu kuma 'yan Agege ne haifaffun nan. Labarin ɗan acaɓa ne da iyalinsa bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022: an kama babur, bashin babur ɗin bai ƙare ba, matar tana gida a Arewa tana jiran aike, shi kuma ya kasa faɗa mata gaskiya. Na zauna na kalli gwajinsu a wani aji da suka ara. Akwai wurin da mutumin ke amsa wayar mahaifiyarsa yana ce mata komai lafiya, alhali a ƙarƙashin gada ya kwana. Wallahi sai da na kau da kai. Ban taɓa ganin an ɗora rayuwar mutanenmu na Legas a kan dandamali haka ba.

Suna son Asabar da Lahadi na mako biyu a watan Disamba, da kwana huɗu kafin nan don kafa kaya da gwaji. Da na kai maganar sama sai aka buɗe mini littafin kuɗi. Daga tsakiyar Nuwamba har shigar Janairu, kowace Asabar akwai mai biki ko kamfanin da ke son liyafar ƙarshen shekara ko ɗan barkwanci, kuma dukansu kafin alƙalami suke ajiyewa tun watanni kafin ranar. Safiyar Lahadi kuwa wani coci ne ke haya duk shekara. Kuɗin biki ɗaya ya fi abin da wasa zai kawo a mako guda ko da ɗaki ya cika. Aka ce in ba yaran Talata da Laraba bayan sabuwar shekara, in kasuwa ta yi sanyi.

Ba na ganin laifin masu gidan gaba ɗaya. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit, takardar wutarmu ta koma wani abu dabam. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar taro, babban janareta ne zai ɗauki fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki, kuma kowa ya san farashin man gas. Ga albashin masu gadi da masu shara da masu fitila. Da kuɗin bikin nan ake biyana ni kaina.

Sai dai a bara in ka ƙirga ranakun ƙarshen mako da aka yi wasan daɓe a ɗakinmu, yatsun hannu biyu sun ishe ka. Sunan gidan wasa muke amsawa, aikin ɗakin biki muke yi. Waɗanda suka san harkar nan ko harkar kuɗi, me zan koma in faɗa wa masu gidan da zai shiga kunnensu? Ko kuwa in karɓi Talatar in yi shiru?

Hajiya Akanta ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni aikina lissafin kuɗin kamfanoni ne, kuma ina son kallon wasa, saboda haka zan gaya maka abin da ba za ka ji daɗinsa ba tukuna.

Kada ka koma musu da maganar kyawun wasan. Sun yarda yana da kyau, ba shi ne damuwarsu ba. Ɗauki biro. A ce tikiti naira 5,000 ne, a ce rabin ɗaki ya cika, mutum 300 ke nan, miliyan ɗaya da rabi. Cire man gas, cire ma'aikatan ranar, cire talla, sannan a raba saura tsakanin gida da 'yan wasa. Kwana huɗun gwaji kuwa ko sisi ba sa kawowa, amma fitilu a kunne suke. Mai biki shi ko mutum goma ne suka zo masa ya riga ya biya. Wannan shi ne abin da masu gidan ke gani, kuma ba su yi kuskuren lissafi ba.

Matsalar kuma ba ta gidanku kaɗai ba ce. Tun 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana ta. Masana'anta tana iya sayen inji ta ninka kayanta da ma'aikata kaɗan, amma wasan da ke buƙatar mutum goma sha biyu a kan dandamali shekara ɗari da suka wuce, yau ma sha biyun yake buƙata, kuma awa biyun nan dai zai ci. Kuɗin rayuwa na hawa, abin da dandamali ke iya samarwa a dare ɗaya bai ƙaru ba. Shi ya sa a Jamus mafi yawan kuɗin manyan gidajen wasa daga gwamnatocin jihohi da birane yake fitowa. A Broadway ta New York, inda kasuwa zalla ake yi, mafi yawan wasannin ba sa mayar da jarinsu, 'yan kaɗan da suka karɓu ne ke shekaru ana yi.

Mu nan ba mu da gwamnatin da za ta ɗauki gidan wasa mai zaman kansa, saboda haka wani abu ne zai ciyar da wasan. Dubi cibiyar kiɗa da waƙa ta MUSON a Onikan, sunayen ɗakunanta kaɗai sun gaya maka labari: ɗaya Agip, ɗaya Shell. Terra Kulture a Victoria Island akwai gidan abinci da wurin baje zane-zane da shagon littattafai a gefen ɗakin wasan. A gidanku biki ne gidan abincin naku. Kada ka yaƙe shi.

Abin da zan nema da ni ce: a rubuta, a sa hannu, cewa daga kowace hayar biki ko taro ana cire wani kaso ƙayyadadde, ko da biyar cikin ɗari ne, a zuba a asusun wasa na daban. Wannan asusun shi zai riƙa biyan gida kuɗin ranakun gwaji, ta yadda masu gidan ba za su ƙara kallon ranakun a matsayin asara ba. Sannan ka fita neman mai ɗaukar nauyi, kuma kada ka tsaya a bankunan da kowa ke bi. Wa ke son Bahaushen Legas ya ga sunansa? Kamfanonin motocin Arewa, masu taliya da shinkafa, bankunan da ba sa harkar ruwa, masu aika kuɗi ta waya. Ka je musu da adadin kujeru da irin mutanen da za su zauna a kai.

Asabar ɗin Disamba kuwa ka haƙura da ita bana. An riga an karɓi kuɗin mutane.

Baba Mai Daɓe ya rubuta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan damuwa. Hajiya, lissafinki daidai ne, amma akwai abin da ba ya shiga littafin kuɗi sai bayan ya riga ya faru.

Ina saurayi na zo Ikko, kuma na ga FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da idona a 1977. Gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu a lokacin sabo ne fil, an gama shi a 1976, kamfanin ƙasar Bulgeriya ya gina shi bisa fasalin wani gini da ke birnin Varna, babban ɗakinsa na cin mutum 5,000. Hawan dawaki aka kai Kaduna, wasanni kuma nan. Wanda bai ga wannan gida a lokacin ba ba zai gane abin da ya sa tsofaffi ke jin zafin abin da ya same shi daga baya ba. Kowa ya san yadda ya yi shekaru yana lalacewa, har a 2001 aka yi maganar sayar da shi, 'yan wasa da marubuta suka tashi tsaye. Sai da bankuna da Babban Banki suka ɗauki gyaransa, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Na yi murna da gyaran ƙwarai. Amma tambayar da nake yi a kansa ita ce dai wadda kai kake yi a naka ƙaramin gida: ranar Asabar wa zai hau dandamalin?

Ga yadda gidan wasa ke mutuwa, na gani ba sau ɗaya ba. Ba a rufe shi. Ana dai ba da Asabar, sannan Lahadi. Mai fitila da ya iya haska fuskar ɗan wasa ya gaji da kunna ja da kore wa masu rawa, ya tafi harkar fim. Kafinta mai haɗa kayan dandamali ya koma yin kujeru. 'Yan kallo kuma, da ma sabo ne ke kawo su. In mutum ya zo sau biyu ya tarar da amarya da ango, ba zai sake tambaya ba. Ranar da za ku tara kuɗi a asusun nan na Hajiya ku ce to yanzu a yi wasa, sai ku tarar babu mai yi kuma babu mai kallo.

Saboda haka ni rana nake so ka nema kafin kuɗi. Rana tabbatacciya wadda ba a taɓawa ko nawa mai biki ya kawo. Mutanen Terra Kulture sun yi shekaru suna wasa ranar Lahadi kafin su gina babban ɗakinsu mai kujera 400 a 2017. Ta haka mutane suka san cewa Lahadi akwai wasa a wurin, ba sai sun ga talla ba.

Talata da Laraba kuwa kada ka karɓa. Wa zai tashi daga aiki ya shiga gosulon Legas ranar Talata don kallon wasa? Ɗaki zai zama wayam, sannan a ce maka ga shi nan, an gwada wasan Hausa ba ya kawo mutane. Da wannan hujjar za a rufe maka baki shekara biyar.

Kuma kada yaran nan su ɗauka neman kuɗi da wasa abin kunya ne. Hubert Ogunde, shahararren ɗan wasan Yarabawa, tun 1945 ya mai da wasa sana'a, ya loda mutanensa da kayansu a mota yana bin gari-gari har Arewa, da kuɗin ƙofa yake ciyar da su, kuma hakan bai hana shi faɗa wa masu mulki gaskiya ba har gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a 1964. Mu ma muna da namu. Su Kasimu Yero da Samanja ba daga sama suka faɗo ba, mutanenmu sun san wasa tun daga tashe da 'yan kama. Bahaushe ba baƙon kallo ba ne. Ɗakin ne ba a taɓa gayyatarsa ba.

Na Mile 12 ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, albasa nake sayarwa, yarona ne ya nuna mini wannan magana ya ce in sa baki.

Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe ita ce gaskiya. Na daɗe a garin nan, ban taɓa shiga gidan wasa ba, kuma ba don ba ni da kuɗin tikiti ba ne. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana ga abu da Hausa, ku zo.

Malam Ɗan Zango, in kana son mu, ka duba lokaci. Na ji an ce wasannin Legas ƙarfe 3 na rana da 7 na dare ake yi. Bakwai ba tamu ba ce: Magariba ce, kuma mu da motoci ke sauke mana kaya cikin dare, asuba ta gari muna kasuwa. Ƙarfe 3 na Lahadi ta yi, amma La'asar za ta same mu a ciki, sai ku sa hutun tsakiya daidai lokacin, ku tanadi ruwa da tabarmi a wani gefe, maza daban mata daban. Wannan kaɗai in aka ji shi, mutum zai yarda ya zo da matarsa da 'ya'yansa. Ku kuma tashe mu kafin duhu. Motar BRT daga nan tana bi ta Fadeyi, ba nisa da Yaba. 'Yan Agege kuma yanzu akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa a tashar Yaba, sai ku bincika lokutansa.

Tikiti ta intanet ba zai yi mana ba. Ku bugo na takarda ku kawo wa shugabannin kasuwa da na ƙungiyar 'yan babur da fadar Sarkin Hausawa a Agege, ku gaishe su yadda ya kamata, ku gaya musu abin da wasan ya ƙunsa tun kafin wani ya riga ku da cewa rawa da shashanci za a yi. In dattijo ɗaya ya sayi ashirin ya raba wa yaransa, magana ta ƙare.

Game da farashi kuma, kujera kamar tumatir take: wadda ba ka sayar ba har aka buɗe labule ta lalace, gobe ba za ka sayar da ta jiya ba. Ku tsauwala wa layukan gaba, alhazai za su biya don a gan su a gaba, na baya kuma ku sauke yadda ɗan dako zai iya.

Roƙona ɗaya. Mun gaji da ganin Bahaushe a fim ɗin Kudu a matsayin maigadi mai gurɓatacciyar magana ana dariya. In wasan nan yadda ka faɗa yake, ni zan kawo mutum goma da kuɗina.

Mai Fitila ta rubuta:

Yaya Ɗan Zango, ni aikin fitila da sauti nake yi a wurare daban-daban, bari in ƙara abu biyu. In Lahadi da rana za ku yi bayan coci ya tashi, awa biyu kawai kuke da ita ta kafa kaya. Ka gaya wa yaran tun yanzu su rage kayan dandamali: babur ɗaya, benci, allon da ake turawa da taya. Fitilu kuma a saita su tun Juma'a a adana tsarin a na'ura, a rubuta cikin yarjejeniyar masu bikin Asabar cewa ba mai taɓa na sama, kuma ba mai buga ƙusa a katakon dandamali. Wanda ya taɓa ya biya kuɗin gyara, kuɗin ya shiga asusun Hajiya.

Na biyu, a sa majigi ya riƙa haska fassarar Turanci a saman dandamali, layi-layi, mutum ɗaya da ke jin harsunan biyu yana dannawa daga kwamfuta. Yarabawa da Ibo da yawa sun hau acaɓan nan shekara da shekaru, kuma akwai 'ya'yanmu haifaffun Legas da Hausarsu ba ta nuna ba. Kujerun da suka rage su za su cike.

Ɗan Zango ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da shugaban yaran jiya da dare, ya ce kwana biyu na gwaji a ɗakin sun ishe su in aka ba su Alhamis da Juma'a da safe, lokacin da da ma ba kowa.

Abin da zan kai sama ke nan: Asabar ɗin Disamba na bar musu. Ina neman Lahadi ƙarfe 3, huɗu a jere daga Janairu don wannan wasa, sannan Lahadin farko ta kowane wata ta zama ta wasan daɓe a rubuce, ko da Hausa ko da Yarabanci ko da Turanci, ban da watan azumi in wasan namu ne. Maganar kaso daga kuɗin haya ma zan kai, Hajiya, amma ina jin tsoron in haɗa biyun a zama ɗaya su ƙi duka. Wanne zan fara sa wa a gaba?

Hajiya Akanta ta rubuta:

Ranar, ƙanena. Baba ya fi ni gaskiya a nan, kuma yammacin Lahadi ba ta kai Asabar tsada ba, za su fi saurin sakinta. Amma kada ka shiga ofishin hannu rabbana. Ka fara zuwa Mile 12 da Agege, ka dawo da alkawarin tikiti ko da 150 ne a rubuce da sunan shugabannin da suka ɗauka. Maganar kason ka ajiye ta sai Lahadi ta biyu, ka ɗauke su ka tsayar da su a bayan ɗaki su ga kujerun da idonsu, sannan ka ɗauko ta.

Na Mile 12 ya rubuta:

Malam, in za ka zo kasuwa ka zo bayan Azahar, da safe ba mai sauraronka. Kuma ka zo da ɗaya daga cikin 'yan wasan, wanda ya taɓa yin acaɓa in akwai, shi zai fi iya yi musu bayani. Ku ba mu sati uku kafin ranar farko, shugabanninmu ba sa son a zo musu da abu a ƙurarren lokaci.